Gayyar Gina Kango

Yau da hantsi an kore ni daga ƙofar gidana. Wani ƙato ne mai baƙin gilashi, ya sha kwat a cikin wannan zafi na bazara, ya ɗora min tafin hannu a ƙirji ya ce, "Baba, ɗan ja da baya, kana shiga cikin hoto." Na ce masa, "Bawan Allah, nan fa gidana ne, dakalin da ka taka ni na gina shi." Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, ya ga jar ƙasa ta bushe a ƙwaurina, ya ce ai shi ya sa. Ni kuwa mutum ne mai biyayya ga hukuma, na ja da baya ban waiwaya ba, sai ga ni tsamo-tsamo cikin ramin da muka kwaɓa ƙasa. Takalmina ɗaya yana can ƙasan ramin har yanzu.

Jama'a, ku yi haƙuri da ni, sai na koma baya kafin ku gane abin da ya kawo masu kwat unguwarmu.

Ina da maƙwabciya, Inna Dela, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Daddawa take yi, kuma in ka taɓa sayen daddawa a kasuwar Kazaure ta yi maka daɗi a miya, to ina kyautata zaton daga tukunyarta ta fito. Mijinta ya rasu tun ina saurayi. 'Ya'yanta biyu mata suna aure, ɗaya a Babura, ɗaya a ƙetare cikin Nijar, kuma sun yi juyin duniya ta koma wajensu, ta ce ita ba ta zaman gidan suruki tana da ɗakinta. To a markar bara, da aka jera kwanaki ana tsuga ruwa ba ƙaƙƙautawa, bangon gabas na ɗakin nan ya jiƙe ya zauna, rufin ya bi shi. Allah ya taimaka da rana ne, ta shigo wajenmu ɗiban wuta. Muna tsaye a tsakar gida muka ji rugum, ta saki kaskon wutar ta ce innalillahi.

Uwargidana Sadiƙa ba ta tsaya neman shawarata ba. Ta ce, "Inna, ki shigo, ɗakin nan naki ne." Ɗakin da ake magana kuwa nawa ne. Haka aka mayar da ni zaure, ni da tabarmata da azarar da muka tsamo daga cikin ɓaraguzai, da kuma tukunyar daddawa, don an ce a zaure ta fi samun ɗumi. Duk wanda bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da daddawa tana nuna ba, kada ya zo ya yi min wa'azin haƙuri. Ta kai in na shiga sahu a masallaci sai na ga an bar min fili dama da hagu, har liman ya yi magana a kan a riƙa haɗa kafaɗa.

Amma kada in ɗauki alhakin tsohuwa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kafin mu tashi ta share tsakar gida, tafiya ma a hankali take yi kada a ji motsinta, tari in ya zo mata sai ta fita bayan gida ta yi. Wannan ɗari-ɗarin nata shi ya fi damuna, wallahi. Wata rana da la'asar ta same ni ina alwala ta ce, "Falalu, ba ku rage ni da komai ba, Allah ya saka muku. Ni dai ina son ƙofar da zan rufe da hannuna. Kada Allah ya ɗauki raina a ɗakin aro." Na ce, "Inna, da zarar an kai amfanin gona gida za ki ga aiki."

Ba cika baki na yi ba, don mu a nan ɗaki ya faɗi ba sabon abu ba ne. Tun kakanni, in damina ta kayar da bango, ana gama girbi sai a kira gayya. Ƙasar da ta faɗi ita za a sake jiƙawa a kwaɓa da ciyawa, a yi tubali a shanya, magini ya hau, mu ƙarti mu riƙa miƙa masa. Mata su dafa dambu, a ci a sha, a yi ta zolayar wanda ya fi kowa ci ya fi kowa lalaci. Ban taɓa jin an kafa kwamiti a kan haka ba.

Sai ga labari a rediyo. Wai ƙananan hukumomi huɗu na wannan yanki namu, kada ku tambaye ni sunayensu don ina da iyali, sun haɗa kai sun kafa Kwamitin Haɗaka na Matsugunin Al'umma. Aka ce tunda ruwa in ya tashi ɓarna ba ya tambayar inda iyakar wata hukuma ta tsaya, su ma daga yau sun daina cewa wannan naka ne, wancan nawa ne. Duk wanda gidansa ya rushe nauyinsa yana wuyan su huɗun. Na rantse muku sai da na ajiye rediyon na tafa. Magana ce ta hankali, kuma ko gobe aka tambaye ni zan ce magana ce ta hankali.

Washegari sai ga Daudu. Daudu ɗan unguwarmu ne, tare muka yi kiwon awaki, amma yanzu shi ke riƙe wa kwamiti jaka, ya karkata hula gefe, kuma ba ya iya faɗin magana uku bai ce "a hukumance" ba. Ya zagaya kangon Inna Dela yana kaɗa kai kamar mai taya shanu.

Ya ce, "Masha Allah. Wannan kango ne na gaske. Inna, kin taki sa'a."

Ta ce, "Sa'a kuma, ɗan nan?"

Ya ce, "Gidan bulo za a yi miki, da kwano da fanka. Sharaɗi ɗaya ne. Kada wanda ya taɓa wurin nan. A hukumance, duk wanda ya gyara kafin a zo dubawa ya nuna yana da hali, babu shi a ciki."

Na ce, "To yaushe za a zo dubawar?"

Ya ce, "Malam Falalu, ka cika gaggawa. Ai wakilan hukumomin huɗu ne za su gani da idonsu, a tare, a lokaci ɗaya. Abin da ake nufi da haɗaka ke nan."

Daga baya na gane dalili. Tsabar amanar da ke tsakaninsu ce ta sa babu wanda zai yarda da abin da ɗan'uwansa ya gano sai yana tsaye a wurin. Mu kuwa da muka ji bulo da kwano, sai kowa ya mayar da fartanyarsa ya jingine. Wa zai so a ce shi ya hana tsohuwa gidan bulo? Ranar da aka sa ta gayya ta zo ta wuce muna zaune a gindin dalbejiya muna labarin fanka.

Bari in gabatar muku da manyan namu, da sarautun da ni na naɗa musu a zaurena ba tare da izinin kowa ba. Akwai Mai Girma Ciroman Almakashi, wanda hannunsa ba ya samun sukuni sai yana yanka ƙyalle. Akwai Madakin Sai-an-zauna, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce za a duba. Akwai Galadiman Walima, Allah ya ƙara wa cikinsa albarka. Na huɗunsu shi ne Sarkin Uzuri, mutumin da bai taɓa rasa dalili ba.

Kada wani ya ce ba su yi aiki ba, sun yi. Zaman farko an yi shi ne a kan inda za a riƙa zama, aka yanke cewa karɓa-karɓa za a yi don adalci. Zama na biyu aka tattauna wanda zai karɓi na uku. Kowace hukuma kuma ba ta yarda a fi ta karamci ba, in waccan ta yanka rago ɗaya, wannan sai ta aika Babura a zaɓo mata biyu, mai bi mata ta ƙara da kifin dam. Wani mai sayar da dabbobi ya ce min tun da yake bai taɓa ganin shirin gwamnati da ya taimaki talaka irin wannan ba, shi kam har ya sake rufin gidansa. Kun ga ashe shirin matsuguni ya fara aiki, mu ne ba mu lura ba.

Sau ɗaya suka kusa zuwa, kuma ranar ba zan manta da ita ba. Motoci uku suka tsaya, manya uku suka fito. Sarkin Uzuri bai samu zuwa ba, wai babu mai a motarsa. Ni da nake wuni a layin mai da ɗan babur ɗina har wuyana ya ƙone, ban taɓa ganin motar nan a layi ba, amma wa ya isa ya ƙaryata babba? To, sai manyan nan uku suka jeru suka juya wa kangon baya. Na matsa kusa da Daudu na ce lafiya? Ya raɗa min cewa in suka gani babu na huɗu, ganin bai halatta ba, kuma zai iya jawo rikici tsakanin hukumomi. Inna Dela ta dama fura ta kawo, suka karɓa suka sha suna kallon katangata. Galadiman Walima ya nemi ƙari.

Da suka tafi ta ce min, "Falalu, fushi suke yi da ni?"

Na ce, "A'a, Inna, aiki suke yi."

Haka rani ya yi ta tafiya. Shi kuwa kango, ashe shi ma ba ya jiran kwamiti. Awaki suka mayar da shi wurin wasa, su hau su diro. Wannan ta zo ta ɗebi 'yar ƙasa za ta gyara murhu, wancan ya ɗebi kwando ɗaya zai toshe ramin ɓera, kowa yana cewa ai kaɗan ne. Inna Dela kan ɗauki kara ta zauna tana korar awaki daga kan abin da ya rage na ɗakinta, tsohuwa tana gadin ɓaraguzai kamar mai gadin gonar gero. Rannan na tsaya ina kallonta, can sai na shige zaure na zauna kusa da daddawa.

Sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, da iska. Gari ya waye wurin ya baje sumul. Bayan 'yan kwanaki har rama ta fara tsirowa.

A daidai nan Daudu ya faɗo unguwa a guje, hula a hannu. "Albishirinku! An samu mai! Su huɗun suna tafe ranar Laraba!" Ya juya zai nuna kango, sai ya tsaya da yatsa a sama. "Ina kangon?"

Na ce, "Ga shi nan kana tsaye a kai."

Ya ce, "Wannan ai gona ce! Kwamitin matsuguni ne fa, ba na noma ba. In babu kango, a hukumance babu ɗakin da ya faɗi. In babu ɗakin da ya faɗi, Inna ba ta rasa komai ba."

Na ce, "To ni da nake kwana a zaure fa?"

Ya ce wannan matsalar cikin gida ce. Ya sosa ƙeya, can ya ce mafita ɗaya ce, a mayar da kangon yadda yake kafin Laraba.

Jama'a, kun ji yadda aka yi aka kira gayya a garinmu don a gina kango. Mai shela ma sai da ya tambaya sau biyu ko ya ji daidai. Amma mutane sun fito, wallahi sun fito, har da waɗanda suka ɗebi ƙasa suka dawo da ita da riba. Aka jiƙa, aka kwaɓa, aka yi tubali, Allah kuma ya taimaka ruwan ya ɗauke rana ta buɗe, suka bushe da wuri. Aka aika wa Mamuda magini. Da aka yi masa bayanin aikin sai ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Ya ce, "Tun ina bin babana da kwando nake gini. An sa ni na gina ɗaki, an sa ni na gina rumbu, har akurkin kaji na gina. Yau kuma kango? In matata ta tambaye ni aikin me na yi yau, in ce mata me?"

Daudu ya ce, "Ka ce aikin gwamnati."

Aka fara. Matsalar ita ce hannun Mamuda bai iya karkatacce ba, yana ɗora tubali sai ya tafi a miƙe. Daudu yana bayansa yana ihu, "Karkata shi! Ka yi shi kamar ya sha wuya! Nan wurin a ɗan fasa!" Mamuda ya gina, Daudu ya sa ƙafa ya ture gefe, Mamuda ya harare shi ya gyara. Mu kuma muna miƙa tubali muna dariya, dariyar da in ka duba cikinta babu daɗi ko kaɗan.

Da bango ya kai ƙugu Daudu ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, kango ya yi kyau. Duk wannan abin Inna Dela tana zaune a kan turmi a gindin katangata tun safe. Sai a lokacin ta yi magana, a hankali, ba da faɗa ba.

Ta ce, "Ashe hannayen nan suna nan. Na ɗauka su ma ruwan bara ya tafi da su."

Babu wanda ya ɗaga kai. Ni dai na tsura wa tubalin da ke hannuna ido kamar yau na fara ganin tubali.

Ta ce, "Mamuda, ɗana, in ba zai zama laifi ba, ƙara min layi ɗaya. Ko inuwa na samu."

Mamuda bai dubi Daudu ba. Ya miƙo min hannu, na ba shi tubali, ya ɗora. Ya gama layin ya sake miƙo hannu. Daudu ya fara tsalle.

"Kun wuce kango! Wallahi kun wuce kango! Inna, ki hana su, za su jawo miki asarar gidan bulo da fanka!"

Ta ce, "Fankar da wace wutar za ta juya, Daudu? Gidan bulon ka ce su ba mai tsawon rai. Ni wannan ya ishe ni."

Laraba ta zo, kwamiti bai zo ba, kun dai san ba sai na faɗa ba. Wai an samu saɓani a kan motar da za ta shiga gaba. Mu kuwa wannan ɗagewar ita ce alheri mafi girma da kwamitin ya taɓa yi mana, kuma ina so a rubuta cewa ni Falalu na yaba. Ta ba bango lokacin shan iska. Muka ci gaba, yau a ɗora gobe a bari ya bushe, ido yana kan gabas ana addu'ar hadari ya ƙara mana haƙuri. Aka fitar da azarar nan daga zaurena, abokan kwanana, aka jera aka shimfiɗa zana aka zuba ƙasa. Inna Dela ta fito da ɓawon ɗorawar da ta daɗe tana tarawa aka jiƙa makuba aka shafe rufi da bangon gabas don kada ruwa ya ci. Mata suka yi daɓe suna waƙa, Sadiƙa ce a gaba, har muryarta ta dishe. Tsohuwar ƙofar ma aka kankare ta aka mayar, da sakatarta ta ciki. Jiya muka kafa indararo, yau da safe ina gyara bakin ramin kwaɓa don a cike shi, sai muka ji jiniya.

Su huɗun! Babu sanarwa, babu shela, mota huɗu da ta masu hoto da ta masu kwat. Daudu ya fito daga ta ƙarshe, ya kasa haɗa ido da kowa. A nan ne aka ce ina shiga cikin hoto, a nan ne na faɗa rami, kuma daga cikin ramin na kalli sauran abin da ya faru, don wurin ya fi ko'ina ganin fili.

Manya suka jeru, wannan karon suna fuskantar wurin. Madakin Sai-an-zauna ya ce, "Ina kangon da aka ce?" Na ce a raina shi ke nan, yau za a ɗaure Mamuda da laifin gina ɗaki ba bisa ƙa'ida ba.

Sai fuskar Ciroman Almakashi ta washe. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Allahu Akbar! Jama'a, ga gida na farko da shirin haɗaka ya samar!" Kafin ka ce me, an buɗe bayan motarsa an fito da jan ƙyalle da almakashi a kan faranti. Ashe kullum suna ciki, ko ina za shi. Wannan shi ake kira shugaba mai shiri, ba irinmu ba da ko takalminmu ba mu iya riƙewa.

Saura rabon lada. Kowace hukuma tana so a ce ita ta yi, har muryoyi suka fara tashi, sai Galadiman Walima ya kawo maslaha, don ya hango ana sauke kuloli daga mota. Ya ce ɗaki bango huɗu gare shi, hukumomi ma huɗu ne, kowa ya ɗauki ɗaya a rubuta sunansa a jiki. Aka yi kabbara. Sai dai duk su huɗun bangon yamma suke so, don nan ƙofa take, nan mai hoto yake tsaye. Bangon gabas kuwa babu mai so, su ma ashe sun san ta inda ruwa yake dukan gini a ƙasar nan. Aka yi ta ja, har Sarkin Uzuri ya koma gefe amsa waya, kafin ya dawo an ba shi gabas.

Inna Dela tana tsaye da sabon mayafinta tana kallonsu. Ta ce, "Ranku ya daɗe, ina da tambaya. Rufin fa, na wane ne a cikinku? Don in san ƙofar da zan je in ya fara yoyo."

Aka dubi juna. Madakin Sai-an-zauna ya gyara murya ya ce, "Hajiya, rufi na kowa da kowa ne, shi ne ainihin haɗakar. Za a kafa ƙaramin kwamiti a kansa. In ya yi yoyo, abu ɗaya muke roƙo, kada a taɓa sai mun zo mun gani." Mamuda yana bayan taro, na ji ya yi wata irin dariya ta hanci ya juya ya tafi gida.

Aka yanka ƙyalle. Sai mai hoto ya ce saura miƙa makulli, don hoton da ake bugawa ke nan. Aka duba ƙofa, babu kuba babu kwaɗo, sakata ce kawai ta ciki. Ciroman Almakashi ba ya rasa dabara. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makullin motarsa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, "A madadin hukumomi huɗu, Inna, ga wannan. Naki ne halak malak, babu mai karɓe miki har abada." Aka tafa, hoto ya ɗauka.

Inna Dela ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna ta ce Allah ya saka da alheri. Ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta cire takalmi, ta yi bisimilla ta shiga ɗakinta. Ta turo ƙofa. Muka ji sakata ta ce ƙarau.

Ni dai da na ji ƙarar nan, ina tsaye cikin laka har gwiwa, sai da na share ido da gefen riga. Tun markar bara nake jiran in ji ta.

Ciroma ya ɗan yi dariya ya jira. Ya sake jira. Can ya tura Daudu, Daudu ya ƙwanƙwasa ya ce, "Inna, makullin Mai Girma. Na hoto ne kawai."

Muryarta ta fito ta jikin ƙofa, a natse. "Daudu, su huɗu suka ba ni, a tare, a lokaci ɗaya. In za a karɓa, su huɗun su zauna su amince, su zo tare. Kafin nan kada wanda ya taɓa."

Aka waiwaya neman sauran ukun, ashe tun da aka rufe kuloli sun kama hanya, Sarkin Uzuri ne a gaba. Shi Ciroma a bayan babur aka tafi da shi, babbar riga tana kaɗawa, almakashi a cinya.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, na koma ɗakina, an fitar da tukunyar daddawa, har na fara jin kamar wani abu ya ɓace min a hanci. Hadari ya haɗo a gabas, Inna Dela tana cikin ɗakinta tana tari yadda ranta yake so. Motar Mai Girma tana nan a gindin dalbejiyata, awakin da suka rasa kango sun samu wurin hawa, an ce kwamiti zai zauna a kanta da zarar an samu mai.

Af, na kusa mantawa. Bangon gabas na zaurena ya ɗan tsage. Don Allah in kun biyo ta nan, ba ku ga komai ba, musamman in kuna tare da Daudu.